Allurar kashe jijiya don ciwon bayan tiyatar gwiwa: tambayoyin da Hausawan Legas suka fi yi

Tsinkewar jijiyar gwiwa ba baƙon abu ba ne a cikinmu. Ɗan ƙwallon unguwa a Agege, ɗan acaɓan da ya sha ƙasa a kan kwalta, ɗan dakon da santsi ya kwashe da buhun albasa a ka a Mile 12 ranar da aka yi ruwa, duk a layin likitan ƙashi suke haɗuwa. Da zarar an ambaci tiyata, abin da ke fara tayar wa mutum hankali shi ne ciwon da zai biyo baya, kuma a nan ne ake jin sunan wata allura da likitoci ke kira bulok. Ga tambayoyin da marasa lafiya da masu jinyarsu suka fi maimaitawa, daga masu sauƙi zuwa masu zurfi. In abin da ke nan ya saɓa da na likitan da ya duba ka, nasa za ka bi, domin shi ya ga ƙafarka.

Wai mece ce wannan allurar, kuma me take yi wa mutum?

Ba ka jin ciwon gwiwa sai saƙonsa ya isa ƙwaƙwalwa, kuma jijiyoyi ne ke ɗaukar saƙon, su bi ta cinya, su shiga laka, su haura sama. Likitan sa barci yakan nemo jijiyar da ke ɗauko saƙo daga gwiwa, ya zuba magani a kewayenta, ba a cikinta ba. Maganin ya ratsa ta, sai ta daina aika komai har ƙarfinsa ya ƙare. Kamar a ɗauke wuta ne a layi ɗaya alhali sauran unguwa na da haske: kana cikin hayyacinka, kana ci kana hira, ɗaya ƙafar lafiya lau, wadda aka yi wa aiki kuwa ta sage.

Maganin dangin wanda likitan haƙori ke yi ne kafin ya cire haƙori, sai dai a nan mai daɗewa ake zaɓa, bupibaken ko ropibaken. Kuma ba gwaji ake yi da kai ba. Tun a shekarun 1880 likita William Halsted ya fara kashe jijiyoyi da allura a Amurka, bupibaken kuma tun shekarun 1960 ake aiki da shi. Abin da ya zo daga baya shi ne na'urar sikanin, wadda ke nuna wa likita jijiyar da bakin allurar ƙarara.

Jijiyar da ta tsinke ita ake kashewa?

A'a. Wadda ta tsinke ɗaya ce daga cikin manyan maɗaurai huɗu da ke riƙe ƙashin cinya da na ƙwauri. Wadda ta fi tsinke wa 'yan ƙwallo ita ce ta can cikin gwiwa, wadda za ka ga an rubuta ACL a takardarka. Galibi ba ɗinke ta ake yi ba, sabuwa ake sawa. Likita yakan yanko agara daga bayan cinyarka ko daga ƙasan ƙoƙon gwiwa, ya huda rami a ƙashin cinya da na ƙwauri, ya zura ta, ya ɗaure. Ƙananan ƙofofi kawai za ka gani a fata domin da kyamara ake aikin, amma a ciki an huda ƙashi kuma an yanki nama. Daga nan ciwon ke fitowa, kuma jijiyoyin da ke kai labarinsa su ake kashewa.

Ke nan ido biyu za a yi mini aikin?

Wannan allurar ba ita kaɗai ake dogara da ita lokacin tiyata ba. A asibitocinmu an fi yin allurar baya, wadda ke kashe mutum daga cibiya zuwa ƙasa na awa 2 zuwa 4, a haɗa da ɗan maganin da zai sa ka gyangyaɗi in kana so. Wani lokaci kuma barci gaba ɗaya ake sa mutum. Allurar jijiya aikinta na bayan nan ne: lokacin da ta baya ta sake, ita tana nan tana riƙe da gwiwar.

Ko wacce aka zaɓa, da yunwa ake shiga ɗakin tiyata. Abin da aka saba shi ne a bar abinci awa 6 kafin aiki, ruwa zalla kuma awa 2. Koko, kunu da shayi mai madara duk abinci ne a wannan lissafin. In ka manta ka sha, ka faɗa. Gara a ɗaga aikin da a ce abin da ke ciki ya koma huhu.

Na ji wani an yi masa a matsematsi, wani a tsakiyar cinya. Wacce ta fi?

Ta matsematsi ita ce tsohuwar hanya, likitoci na kiranta femoral. Jijiyar da ke wurin babba ce, ita ke ɗauko ji daga gaban cinya da gaban gwiwa, ita ce kuma ke ba tsokar gaban cinya umarnin miƙe ƙafa. In aka kashe ta ciwo yakan kwanta sosai, amma tsokar ma ta kwanta tare da shi. Ka miƙe tsaye, gwiwa ta lanƙwashe ba shiri.

Saboda haka ne likitoci da yawa suka koma ta tsakiyar cinya, ta gefen ciki, inda wani reshe na wannan jijiyar ke bi ta wani lungu a ƙarƙashin tsoka tare da jijiyar jini. Wannan reshen yawancin aikinsa ji ne, ba motsi ba, don haka ƙarfin cinya yakan saura. A tiyatar ACL, sauƙin da take bayarwa bai yi nisa da na matsematsi ba. In an ba ni zaɓi ita zan ɗauka, musamman in ranar za a sallame ni.

Dukansu biyun gaba da gefen gwiwa suke rufewa, ba su kai baya. Wanda aka yanko wa agara daga bayan cinya zai iya jin ciwo a can duk da allurar ta kama, ya ɗauka ba ta yi aiki ba. Don wannan akwai wadda ake yi a bayan gwiwa, iPACK, mai kashe ƙananan rassa ta bar tafin ƙafa yana motsi. Akwai kuma kashe babbar jijiyar bayan cinya gaba ɗaya, wadda ke sa ƙafar ta yi laƙwas har yatsu na wasu awanni, shi ya sa ba a cika yin ta ba sai in aikin babba ne, irin wanda aka gyara maɗaurai biyu ko uku a zama ɗaya.

Yaya ake yin ta? Akwai zafi?

Za ka kwanta rigingine, a ɗan karkata ƙafar waje. An riga an sa maka kanula, siririn bututun ƙarin ruwa, a hannu, an maƙala maka abin auna bugun zuciya da hawan jini. Likita zai goge cinyar da maganin kashe ƙwayoyin cuta, ya shafa wani abu mai sanyi da santsi, ya ɗora kan na'urar sikanin, irin wadda ake duba masu ciki da ita. A allon za ka ga wani baƙin da'ira yana bugawa, jijiyar jini ke nan, ta saƙon kuma tana maƙale a gefenta. Sai ya sa allura a hankali yana kallon bakinta, yana tura maganin kaɗan-kaɗan, yana tsayawa yana zuƙowa don ya tabbata bai shiga jini ba. Duka maganin bai cika wuce mililita 15 zuwa 20 ba, aikin kuma 'yan mintoci ne. A inda babu sikanin, akwai wata 'yar na'ura mai sa tsoka ta riƙa harbawa in allura ta kusanci jijiya.

In an yi ta bayan allurar baya ba za ka ji komai ba. In kafin nan ne, za ka ji tsini da ɗan nauyi. Abin da ba a yin shiru a kansa shi ne zafi mai tsanani ko wani yarrr da ya harba har ƙasan ƙafa lokacin da ake tura magani. Jarumta ba ta da amfani a nan, ka yi magana nan take a gyara zaman allurar.

Awa nawa take yi a jiki?

Takan kama cikin minti 15 zuwa 30, ta riƙe tsakanin awa 12 zuwa 24. Jiki ya bambanta, wani tasa ba ta kai haka. Akan ƙara wani magani, deksametason, don ta ƙara jimawa. Wasu asibitocin kan bar siririn bututu kusa da jijiyar, magani na shiga a hankali na kwana 2 zuwa 3, amma wannan sai inda ake da kayan aiki da masu lura.

To in ta sake fa? An ce ciwon da ke zuwa ya fi na farko.

A nan gizo ke saƙar, kuma in amsa ɗaya za ka karanta, wannan ce. Yi lissafi da kanka: an yi maka allura da ƙarfe 10 na safe, ta yi awa 16. Ƙarfe 2 na dare ke nan. Kemis ya rufe, mai jinya ya yi barci, kai kuma tun la'asar kake gaya wa 'yan dubiya a waya cewa ashe aikin ba wani abu ba ne, har ka ce a ajiye ƙwayoyin tunda ba ka jin komai. Ciwon ba ya shigowa da sallama. Cikin ɗan lokaci gwiwar da ta yi tsit za ta koma zugi da raɗaɗi, mutum ya kwana zaune. Ba lalacewa aikin ya yi ba, ciwon da ma yana nan, hanyarsa ce aka toshe.

Dabarar ita ce a fara shan maganin ciwo tun ƙafar tana sage, a kan lokaci, ba sai an ji ciwo ba. Ga baligi mai lafiyar hanta, parasitamol ƙwaya 2 masu miligiram 500 duk awa 6, kada a wuce giram 4 a awa 24. Likita kan haɗa da ibuprofen ko diklofenak, a sha bayan an ci abinci, in ba ka da gyambon ciki, ciwon ƙoda ko asmar da irinsu ke tayarwa. Sai kuma wani mai ƙarfi na kwana biyu ko ukun farko. Ka sayi magungunan tun kafin ka bar asibiti, ka sa ƙararrawa a waya, ka sha na dare kafin ka kwanta ko da kana jin garau. Alamar allura ta fara saki ita ce fata ta fara yar-yar, ko ka fara jin taɓawar zane. Da ka ji haka, lokacin mai ƙarfin ya yi.

Ka guji haɗin da wasu masu kemis ke ƙulla wa mutum a leda. Sau da yawa akwai parasitamol ko diklofenak a ciki, sai ka ninka abin da kake sha ba ka sani ba.

Tunda ba na jin ciwo, zan iya takawa zuwa bayi?

Da sanduna biyu, da abin ɗaure gwiwa in an ba ka, da mutum a gefenka. Ba da ɗaya daga ciki ba, da dukansu. Ƙafar da ba ta jin ciwo ba ta kuma sanin inda take, kuma in ta matsematsi aka yi maka, tsokar da ke hana gwiwa lanƙwashewa ba ta aiki. Ko ta tsakiyar cinya ce, magani kan haura sama ya raunana tsokar. Gwada kanka a kwance: miƙe ƙafar ka ɗaga ta daga katifa. In ta ƙi tashi, ko gwiwa ta lanƙwashe, kada ka ɗora mata nauyi.

Yawancinmu a nan gidan haya muke, bayi ɗaya ga ɗakuna da yawa, a can ƙarshen baranda, ƙasa kullum a jiƙe, ga kuma na tsuguno ne. Tsuguno ba naka ba ne yanzu, har sai likita ya ce. A tanadi kujerar roba da aka huda ko wadda ake sayarwa ta marasa lafiya, da fo ko galan na fitsarin dare a cikin ɗaki. Kunyar wannan ta dare biyu ce, faɗuwa kuwa tana iya mayar da kai ɗakin tiyata.

Maigidana ne aka yi wa. Zan iya yi masa gashi da ruwan zafi ko in shafa man zafi?

Hajiya, a ajiye tawul da butar ruwan zafin nan tukuna. Mun saba da gashi, kuma mai gashi da ihun wanda ake gasawa take gane ruwa ya yi zafi. Shi kuwa yanzu ba zai ji ba, fata za ta iya salewa yana kallonki yana murmushi. Zafi ma ƙara kumburi yake a sabon aiki. Man zafi, tausa, da ganyen ɗori duk kada su kusanci wurin ɗinki.

Sanyi ake so. Ledar fiya wata da ta daskare ta isa, a naɗe ta a tawul, a ɗora a kan bandejin minti 15 zuwa 20, a ɗauke, a maimaita bayan awa biyu ko uku. Ƙanƙara ma tana ƙona fatar da ta sage, don haka da agogo za ki yi aiki, ba da abin da ya ce yana ji ba. In wuta ba ta zama a unguwarku, ki yi magana da mai sayar da ƙanƙara tun kafin ranar. Matashi kuma a ƙarƙashin diddige da sharaɓa ake sawa, ba a ƙarƙashin gwiwa ba, don ƙafar ta kwanta a miƙe.

An ce ranar za a sallame ni. Da me zan koma gida?

Ba acaɓa ba, ko a unguwannin da ba a hana shi ba. Danfo da Keke ma babu wurin miƙe ƙafa, BRT kuma sai ka hau gadar sama ko ka yi tsayuwar layi. Ka shirya mota tun da wuri, ka zauna a baya kai kaɗai, ƙafar a miƙe a kan kujera. Kada ka tuƙa da kanka.

Ka sa gosulo a lissafi. Tafiyar da ake yi a minti 40 daga Igbobi zuwa Agege ko Alaba Rago tana iya cin awa uku da yamma, don haka maganin ciwo da ruwa su kasance a hannunka, ba a but ba. Masu niyyar wucewa Kano ko Sakkwato don jinya a gida su nemi izinin likita tukuna. Zaman mota na yini da kwana bayan tiyatar ƙafa yana jawo daskarewar jini, duba alamominta a tambayar komawa asibiti.

Gaskiya ne tana iya shanye ƙafa har abada?

Yana yiwuwa, amma da wuya ƙwarai. Lahani na dindindin ga jijiya daga irin wannan allura bai kai mutum ɗaya cikin dubu ba. Abin da aka fi gani shi ne wani yanki na fata ya ci gaba da sagewa ko yar-yar na kwanaki ko makonni, sannan ya dawo da kansa.

Akwai kuma wanda ake ɗora wa allurar alhali ba laifinta ba ne. Da yawa daga waɗanda aka yi wa ACL sukan tarar da wani wuri a ƙasan gwiwa, ta gefen waje kusa da tabon, ba ya ji sosai. Wani siririn reshen jijiyar fata ne ke ratsa daidai inda likita ke yanka. Yakan ragu da watanni, wani kuma ya ɗan saura, ba ya hana tafiya ko ƙwallo. Maɗaurin da ake matse cinya da shi don tsayar da jini lokacin aiki shi ma yakan bar tsami a cinya na 'yan kwanaki. In dai an wuce awa 48 ƙafa ba ta fara motsi ba, a sanar da likita.

Tana iya taɓa zuciya ko ta yi kisa?

Babban haɗarin shi ne maganin ya shiga jini da yawa lokaci ɗaya. Alamun farko su ne ɗanɗanon ƙarfe a baki, sagewar leɓe da harshe, ƙara a kunne, jiri. In ya yi tsanani yana kai wa ga jijjiga da rikicewar bugun zuciya. Ba kasafai yake faruwa ba, kuma yana da magani, wani farin ruwa mai maiƙo da ake ƙarawa ta jijiyar jini. Dalilin kanula da na'urorin da aka maƙala maka ke nan, dalilin kuma da ya sa ba allurar da za a yi a kemis ko a gida ba ce, komai ƙwarewar mai yin ta.

Me ya kamata in gaya wa likitan sa barci kafin a fara?

Duk maganin da kake sha, musamman masu tsinka jini irin su warfarin, klopidogirel da asfirin. Kada ka daina su da kanka, shi zai faɗi ranar dainawa in akwai buƙata. Ka faɗa in kana da ciwon suga, domin in ya riga ya taɓa jijiyoyin ƙafa allurar kan daɗe fiye da yadda aka saba, deksametason kuma yana ɗaga suga na ɗan lokaci. Ka faɗa in ƙafar da ma tana sagewa, in akwai ƙurji ko maruru a cinya, ko in allurar haƙori ta taɓa ba ka matsala. Mai sikila ya faɗa tun ranar farko, saboda matse cinya don tsayar da jini sai an yi shawara a kansa. Jiƙe-jiƙe da magungunan gargajiya su ma magani ne, a ambace su.

Ina shan tiramol don aikin ƙarfi. Sai na faɗa?

Ɗan'uwa, faɗa. Likita ba jami'in NDLEA ba ne, kuma abin da ka gaya masa sirri ne. Jikin da ya saba da tiramol ko kodin ba ya jin adadin da ake ba kowa, don haka in ka ɓoye, za a ba ka abin da ba zai riƙe ka ba a daren da allura ta sake. Dainawa kwatsam ana gobe tiyata ma yana kawo gumi, rawar jiki da rashin barci, a rasa gane me ke damunka. Irinka ne ma allurar jijiya ta fi yi wa amfani, domin ta wata hanya dabam take aiki.

Abin da NAFDAC ta amince da shi mai miligiram 50 ne da 100. Mai 225 da ake sayarwa a ɓoye ba na asibiti ba ne, kuma yana jawo jijjiga. Kada wani aboki ya kawo maka shi dubiya ka haɗa da wanda likita ya rubuta.

Yaya zan yi da salla, alwala da azumi?

Mara lafiya yana salla a zaune ko a kwance gwargwadon ikonsa, wannan sananne ne. Kujera mai ɗan tsawo, da wani abu a gaba da za a ɗora ƙafar a miƙe. Durƙusawa a kan gwiwar sai bayan makonni ko watanni, kuma waɗanda aka yanko wa agara daga ƙasan ƙoƙon gwiwa sun fi daɗewa suna jin zafin sujada. Alwala a zaune, a kawo maka buta da roba, kada bandeji ya jiƙe. Hukuncin shafa a kan ɗauri ko taimama, malamin unguwa zai warware maka. Wurin alwalar masallaci akwai santsi da turereniya, a haƙura da shi tukuna.

Tiyatar ACL galibi ba ta gaggawa ba ce, ana iya tsara ta kafin Ramadan ko bayan salla. In ta faɗo a cikin azumi, kwanakin farko na buƙatar magani duk awa 6 da shan ruwa sosai, mara lafiya kuma an yi masa rangwamen ya rama.

Kowane asibiti ke yin ta? In babu, in fasa aikin?

Ba kowanne ba. Tana buƙatar likitan da ya iya, da na'ura, da magani, duk a rana ɗaya. Manyan asibitocin gwamnati da ake aikin ƙashi a Legas su ne Asibitin Ƙashi na Igbobi a titin Ikorodu, LUTH a Idi-Araba, da LASUTH a Ikeja, ga kuma na kuɗi. Ko ina ka je, ka nemi ganin likitan sa barci kafin ranar aiki, ka tambaye shi wacce zai yi, da sikanin ko babu, kuma kuɗinta na cikin lissafin da aka ba ka ko dabam ne. Mai inshorar NHIA ko Ilera Eko ya tambayi ofishinsu tun da wuri.

Kada ka fasa aiki don babu ita. Likitan ƙashi da kansa yakan zuba irin wannan maganin a cikin gwiwa, da bakin ɗinki, da inda ya yanko agara kafin ya rufe. In aka haɗa da magungunan sha a kan lokaci da ƙanƙara, mutane da yawa wannan ya ishe su, har wasu ƙwararru na ganin a tiyatar ACL ita kaɗai, shi ya kamata a fara da shi. Kai ma kana da ikon cewa ba ka so, ba wanda zai yi maka dole.

Wace alama ce in na gani zan koma asibiti ba jiran safiya?

Ciwon da ke ta ƙaruwa duk da magani, tare da sharaɓa ta kumbura ta yi tauri. Yatsu sun yi sanyi, sun yi fari ko sun yi duhu. Sharaɓa ɗaya ta kumbura tana zafi bayan 'yan kwanaki, ko numfashi ya yi wuya, ko ciwon ƙirji, waɗannan alamun daskarewar jini ne. Zazzaɓi tare da gwiwa ta yi ja, ko ruwa mai wari daga ɗinki. Kada a ce maleriya ce a tsaya sayen magani. Jinin da ya jiƙe bandeji bai tsaya ba, kasa yin fitsari bayan allurar baya, ko faɗuwa a kan ƙafar. Ƙafar da ta sage ba ta iya kai ƙara, don haka mai jinya ya riƙa buɗe zane yana duba yatsun, yana taɓa su, ya tabbata bandeji bai matse ba.

Ɗana ɗan ƙwallo ne. Allurar za ta jinkirta komawarsa fili?

Alhaji, allurar ta kwana ɗaya ce, warkewar ta watanni. An yi ta muhawara a kan ko ta matsematsi tana barin rauni a tsokar cinya na wani lokaci, kuma wannan na cikin abin da ya sa ake fifita ta tsakiyar cinya ga 'yan wasa, kamar yadda aka yi bayani a sama. Amfaninta ga yaron shi ne ya fara atisaye da wuri: motsa idon sawu, matse tsokar cinya, miƙe gwiwa har ƙarshe, tun a kwanakin farko, yadda masu gashin ƙashi na asibiti, wato masu koyar da atisaye, za su nuna masa. Sabuwar agarar sai ta kama ƙashi ta yi ƙarfi, shi ya sa likitoci da yawa ba sa sakin ɗan ƙwallo ya koma gasa kafin wata 9, wani ma sai shekara. A wata na uku ko na huɗu zai ji garau, abokai su fara kiransa gasar unguwa, kuma a lokacin agarar ba ta gama ƙarfi ba. A riƙe takalman nasa har likita da mai gashin ƙashi su gwada ƙarfin ƙafar su sallame shi.